Rigar da Na Mayar Rini

Wanki yana da tsari, kuma a kan tsarin na tashi. Da fari a ware fari daban, mai launi daban. Sannan a duba aljihu. Sannan a duba inda ya ɓule a ɗinke, domin ƙaramar ɓula in ta shiga ruwa babba take fitowa. Sai jiƙo, sai cuɗa, sai ɗauraya sau biyu, sai shanya a juye, sai guga. Haka mahaifiyata ta koya mini a Damagaram, a gidan da kakanninmu marina ne. Haka kuma na tarar ana yi, sai dai da injuna, a gidan wankin otal-otal da nake aiki a Vénissieux, gefen birnin Lyon, tun farkon shekarun dubu biyu, lokacin da na biyo maigidana Faransa. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, a aji shida na tsaya. Amma duk shekarun da na yi a teburin guga ba a taɓa dawo da zanen gado an ce daga hannuna ya fito a yamutse ba.

Muna zaune a unguwar Minguettes, bene na tara, lokacin da wana ya kira ni daga gida ya ce ɗiyarsa ta samu gurbin karatu a Lyon, fannin kasuwancin tufafi. Bayan doguwar gaisuwa kalma uku ya faɗa mini: ga amana nan. Na gyara mata ƙaramin ɗaki, na faɗa mata dokokin gidana ranar da ta sauka. Ba a shiga da takalmi, ba a barin kwano a wurin wanke-wanke, ba a wuce magariba a waje sai an sanar. Ta bi duka. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

A shekararta ta biyu ne shigarta ta sauya. Ta fara zuwa da tsoffin riguna na tishat, waɗanda mu a gida muke kira tiriko, baƙaƙe da suka koɗe har suka koma ruwan toka. A gaba hoton wasu Turawa masu gashi buzu-buzu riƙe da gita, a baya jerin sunayen garuruwa. Sai ta sa ɗaya a kan dogon siket, ta cusa gaban rigar kaɗan a ƙugu ta bar bayan a sake, ta ɗora tsohon kwat ɗin maigidana ta naɗe hannuwansa, ta ɗaura kallabi mai haske. Ba tsiraici a ciki, don haka ban da hujjar hanawa. Amma raina bai so ba. A kasuwar Damagaram irin waɗannan riguna a ƙasa ake zube su cikin gwanjo, masu turin kura da leburori ke saye. Na ce mata idan kuɗin sutura ne babu ta faɗa mini, kada ƴan garinmu su gan ta a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, su ce ina barin ɗiyar wana cikin tsumma.

Ta yi dariya ta ce wannan shi ne yayi. Ta bayyana mini cewa makaɗa ne na zamanin da, in sun yi zagayen wasa ƙasa-ƙasa sai a buga riguna a sayar a ƙofar wurin, jerin da ke baya garuruwan da suka bi ne. Wadda ta rayu shekara talatin tana hannun mutum, ita ake nema. Nata dai masu araha ne, a kasuwar tsoffin kaya take tsinto su ran Lahadi. Na tambaye ta ko ta san waƙar mutanen da take yawo da fuskokinsu a ƙirji. Ta ce biyu daga ciki. Maigidana ya ce shi dai kwat ɗinsa ya yi sa'a, bayan ritaya ya samu shiga jami'a. Na bar maganar, amma ban saurara da zuciya ba. Na ɗauka shirmen ƙuruciya ne mai wucewa, kuma a nan kuskurena ya fara.

A shekarar ƙarshe dole ɗalibi ya yi staj na wata shida a wani wurin kasuwanci, mai wurin ya sa hannu a takarda ya rubuta yadda ya same shi. In babu wannan takarda babu difilom, sai a maimaita shekara, kuma tallafin karatunta ba ya ɗaukar maimaici. Ta samu nata a Paris, a wani butik na tsoffin tufafi na wata Bafaransa. Ta koma can tana zaune da wata ɗaliba ƴar Maraɗi. A waya takan ce Madam tana yaba ta, har ta fara maganar riƙe ta aiki bayan staj.

Saura mako shida ta gama, Sallar Layya ta zo, ta samu hutun kwana huɗu. Ta iso da yamma da jaka ɗaya. Washegari, jajibiri, tun safe ta tafi Vaulx-en-Velin wurin kitso da lalle, aikin da kan cinye yini.

A wurinmu ɗan da ya dawo daga tafiya ba ya wanki a gida. Uwar gida ke buɗe jaka ta kwashe abin da ke ciki, ba a tambaya, tambayar ma kamar ka ce masa shi baƙo ne. Ranar jajibiri kuwa ba a barin ƙyalle mai dauɗa ya kwana. Na buɗe jakar. A ƙasa na tarar da wata jakar yadi, a cikinta farar takarda mai laushi, a cikin takardar rigar tishat da ta fi duk waɗanda na taɓa gani lalacewa. Yadin ya yi shara-shara har ana hango hannu ta ciki. Ɓula uku: ɗaya a kafaɗa, biyu kusa da ƙugu. Hoton gaba ya tsattsage kamar ƙasar tafki da rani. Ɗan ƙyallen wuya mai rubutu yana reto da zare biyu. Na ce a raina kunya ce ta sa ta naɗe ta haka don kada in gani. Tausayinta ya kama ni. Na yi niyyar in yi mata abin da uwa za ta yi.

Na bi tsari. Na farko, na ɗinke ɓulolin uku da siririn zare, na saƙa su yadda ba za a ga tabo ba. Na biyu, na yanke ƙyallen wuyan na jefa a kwandon shara, na kama bakin wuyan. Na uku, na wanke ta da ruwan zafi. Na huɗu, na ɗauko garin baƙin rini da nake sa a kawo mini daga gida, na dafa shi da gishiri a tsohuwar tukunya, na tsoma rigar na juya ta rabin awa. A gidanmu baƙar riga ba ta tsufa, in ta koɗe a mayar da ita rini ta fito sabuwa, kuma wannan gata ne da ake yi wa wanda ake so. Na biyar, na busar da ita, na goge ta ta ciki da sitaci kaɗan, na ninke na ɗora a kan matashinta. Ta fito baƙa wuluk. Farin hoton ya ɗan rine, fuskokin suka dushe, amma na ga wannan ma ci gaba ne.

Ta dawo bayan la'asar, hannuwa da ƙafafu sun sha lalle. Ina kicin na ji ta shiga ɗaki, na jira godiya. Ba ta fito ba. Da na leƙa na same ta zaune a ƙasa da rigar a cinya, ba ta kuka, tana dai juya ta.

"Goggo, me kika yi mata?"

Na lissafa mata ɗaya bayan ɗaya. Ina kaiwa na huɗu ta rufe ido.

"Ba tawa ba ce. Ta Madam ce."

A hankali ta faɗa mini sauran. Rigar ba ta sayarwa ba ce, a cikin gilashi take rataye a butik. Wani mai ɗaukar hoto a Lyon ya roƙi aronta don hotunan wata mujallar ado ran Litinin, Madam ta ce ba za ta sa ta a akwatin gidan waya ba, sai hannu da hannu, kuma hannun da ta yarda da shi na yarinyar ne. Masu neman irinta sun sha taya ta fiye da albashina na wata guda, Madam ta ƙi. Koɗewar, ɓulolin, tsagewar hoton, su ne darajar. Ƙyallen da na yanke shi ne shaidar shekarar da aka yi ta. Na je na tona kwandon shara na samo shi ƙarƙashin ɓawon albasa.

Mun yi Sallah da wannan a tsakaninmu. Mun je idi, maigidana ya karɓo ragon daga mahauta, na soya nama, baƙi sun zo sun tafi. Yarinyar tana gaishe su da murmushi, ni kaɗai na san ba ta ci komai ba. Da gida ya yi shiru ta kawo shawara biyu. Ko ta ce an sace jakar a jirgin ƙasa, ko ta ce ita ta wanke da kuskure. Na ce ta farko ƙarya ce, ta biyu ma ƙarya ce, kuma ba a gina difilom a kan ƙarya a gidana. Wanda ya yi laifi shi ke zuwa ban haƙuri, da ƙafarsa, ba a aike, ba a waya. Ta ce a nan ba haka ake yi ba, goggon mutum ba ta zuwa wurin aikinsa, za a ɗauke ta yarinya ƙarama. Na ce to su ɗauka. Abin da na yarda kawai ta kira mai hoton ta soke, ta kuma sanar da Madam cewa an samu matsala, muna tafe ran Litinin. Maigidana ya so raka mu, na ce ba shi ya dafa rinin ba.

Ba a zuwa ban haƙuri hannu rabbana. Na cika roba da soyayyen naman layya, na sa shaddata mai kyau da mayafi, muka kama jirgin safe. Na sha zuwa Paris biki da gaisuwar mutuwa, amma unguwar da butik ɗin yake ban taɓa taka ta ba. Daga metiro zuwa ƙofar na ƙirga mata huɗu sanye da irin rigar. Ɗaya ta sa tata ƙarƙashin kwat na ofis da takalmi mai tsini, ɗaya a kan siket na siliki da sarƙar zinariya, ɗaya ta ɗaure tata a ciki. Ba mai kamar wadda ta rasa abin sawa. Yarinyar ta nuna mini wani babban kanti inda ake sayar da sababbi waɗanda aka koɗar da gangan a masana'anta, ta ce masu sani daga nesa suke gane su, tsufan ƙarya iri ɗaya yake fitowa ko'ina, na gaske kuwa ya fi ci a kafaɗa inda rana ke duka.

Madam ta haura hamsin, siririya, gashinta ya yi furfura ta aske shi gajere. Na gaishe ta da Faransancina na wurin aiki. Na ajiye robar a kan tebur, na ajiye rigar, na ajiye ƙyallen wuyan a gefe. Na ce ni ce ƙanwar mahaifin yarinyar nan, ni na buɗe jakarta ba ta gida, ga abin da na yi. Na lissafa biyar ɗin kamar yadda na yi su, ban rage ba.

Ta buɗe rigar ta shimfiɗa. Ta daɗe tana kallo. Ta kai ta hanci, ta ajiye. Ta laluba kafaɗar da yatsa tana neman inda ɓular take, ba ta samu ba sai da ta ɗaga ta a hasken taga.

"Wa ya koya miki wannan ɗinki?"

Na ce mahaifiyata.

"Aiki ne mai kyau ƙwarai. Da kin yi shi banza-banza da na fi samun sauƙin yin fushi."

Sai ta zauna ta ba mu labarin rigar, ba don mun tambaya ba. Tana da shekara goma sha bakwai ta gudo daga ƙauyensu ta zo kallon wasan, da kuɗin da ta tara a tsinkar inabi. Bayan tikiti abin da ya rage mata bai isa riga da jirgin komawa ba, ta zaɓi riga, ta koma a bayan motar wani mai kai kayan lambu. Ɓular kafaɗa ƙusar motar ce. Biyun ƙugu bakin bel ne ya ci su a shekarun da take sa ta kusan kullum. Mahaifiyarta ta sha jefa ta a shara tana tsamowa.

Ina jin haka na tuna babbar rigar kakanmu da ke wurin wana, wadda aikin wuyanta ya zube, gefenta ya cinye. Ba mai sa ta, kuma da wani zai kai ta wurin tela a sabunta da an yi shekara ba a gaisa da shi ba. Ashe na san wannan abin tun da. Ban dai taɓa zaton zai iya zama a jikin tiriko mai hoton masu gita ba.

Na ce zan iya warware ɗinkin a nan take, zare-zare, in ta ba ni allura. Ta ce a'a, ɓular da aka buɗe yau ta yau ce. Rinin kuwa ni da kaina na san ba ya fita, wanda ya san aikinsa ya yi shi. Sai na faɗi abin da ya kawo ni.

"Madam, laifin nawa ne, takardar kuma tata ce. Kada ki haɗa su."

Ta dubi yarinyar, wadda ke tsaye bakin ƙofa tun shigowarmu. Ta ce goggonta ta yi abin da ta sani, amma ita da ta san mene ne a jakar, ta bar shi yini guda ba ta faɗa wa kowa a gidan ba. Kalma ɗaya da safe da ta isa. Yarinyar ta ce haka ne. Ni ma na san haka ne, na kuma san dalilin shirun: ta san ra'ayina kan rigunan, ba ta so wata lacca ranar jajibiri. Wannan ban faɗa wa Madam ba, na riƙe shi a cikina. Madam ta ce yarinyar ta dawo aiki gobe kamar kullum, maganar takarda sai ƙarshen staj, yanzu ba ta cikin halin yanke hukunci. Ta ninke rigar ta sa a aljihun tebur, ba ta mayar da ita gilashi ba. Robar naman tana nan inda na ajiye har muka fito. Ban san ko ta ci ba.

Na koma Lyon ni kaɗai. Mako shidan nan na yi su a teburin guga ina ƙirga kwanaki. Na kira wana na faɗa masa komai tun kafin ya ji a wani bakin. Ya kasa gane yadda tiriko zai tsayar da difilom, ya ce in saya wa matar sababbi goma. Na ce ba zai gane ba sai ya zo, ni ma da nake nan shekara da shekaru sai yanzu. Yarinyar takan kira ran Juma'a, gaisuwa gajeriya. An ɗauke ta daga gaban butik an mayar da ita ɗakin baya, tana ware kayan da aka kawo. Ba ta yi ƙorafi ba, ni kuma ban tambayi abin da ba ta faɗa ba.

Ta dawo wata Asabar da rana da jakarta da ambulan. Ta miƙa mini tun kafin ta cire takalmi. Na sa tabarau na karanta layi-layi, a hankali, yadda nake karatu. Madam ta sa hannu. Ta rubuta cewa ɗalibar tana da ido, tana gane yadi da ɗinki da shekarun kaya, tana zuwa a kan lokaci. A layin ƙarshe ta rubuta cewa sau ɗaya ta yi sakaci da kayan da aka ba ta amana, kuma ta amsa laifinta. Staj ya cika, difilom zai fito. Maganar riƙe ta aiki kuwa ba a sake tayar da ita ba, an ɗauki wata.

Na ninke takardar na mayar cikin ambulan. A tarbiyyar da na samu babba ba ya ba ƙarami haƙuri, sai dai ya kira shi ya ba shi nama mai kyau a kwano, a gane. Na yi tunanin yin hakan. Na ga bai isa ba, domin aiki ne guda ta rasa a Paris ta dalilina. Na ce ta zauna, ta zauna a ƙasa kamar yadda ta saba, na ce a'a, a kujera.

"Na yi miki ɓarna, kuma tun kafin rinin, ranar da kika yi mini bayani ban saurara ba. Ki yafe mini."

Ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta fiye da ni.

"Haba Goggo. Na yafe tun a jirgi. Tsoron faɗa miki nake, kada ki ce wa ya tambaye ni."

Na ce da kuwa na faɗa. Sannan ta ce akwai wurare uku a Lyon da take son kai takardar neman aiki ran Litinin, tana tsoron layin ƙarshen nan. Na ce ta kai takardar yadda take, in sun tambaya ta faɗa musu gaskiya, in suna son ganin wadda ta dafa rinin ina tashi aiki ƙarfe uku.